Darasin da Na Koya a Makarantar Lahadi

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shi ya sa kowace Lahadi, kafin manya su shiga sujada, akan tara yara ƙanana a koya musu Maganar Allah. A hutun damina da ya wuce malamar makarantar Lahadi ta ƙauyenmu ta haihu. Sai Baba Fasto ya aika aka kira ni, ya ce, "'Yata, ke ce 'yar sakandare, ki riƙe mana yaran nan har malamarsu ta samu ƙarfi." Na durƙusa na ce, "To, Baba." A zuci kuwa kaina ya kumbura, ina ganin na zama wata babba.

Yaran su 23 ne, muna zama a gindin mangwaro bayan coci. Na sayo alewa da ragowar kuɗin makarantata don in riƙa ba duk wanda ya haddace aya. Ranar farko na zaɓi labarin Basamariye mai alheri, wanda ke cikin Luka sura 10. Na ba su labarin mutumin da 'yan fashi suka tare a hanyar da ta gangara daga Urushalima zuwa Yariko, suka yi masa duka suka bar shi rai a hannun Allah. Firist ya zo ya gan shi ya ratse. Balawe ma haka. Sai Basamariye, wanda kabilarsu ba ta ga maciji da Yahudawa, shi ne ya tsaya, ya wanke masa raunuka da mai da ruwan inabi, ya ɗora shi a kan dabbarsa ya kai shi masauki, har ya biya dinari biyu, wato ladan lebura na kwana biyu a wancan zamani.

Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, ai firist ɗin bai buge shi ba. Mene ne laifinsa?" Na ce, "Laifinsa shi ne ya gani ya wuce." Amsar nan ta yi mini daɗi ƙwarai, har na so a ce Baba Fasto yana kusa ya ji.

Muna cikin haddar aya sai ga wata yarinya 'yar shekara bakwai ta iso, ƙafafunta duk taɓo, rigarta jiƙe sharkaf. Na tashe ta ta faɗi ayar. Ashe tana da i'ina. Ta buɗe baki, kalmar farko ta maƙale, yara suka fashe da dariya. Maimakon in tsawata musu sai na ce, "Ke ga makara, ga shi kin zo kamar kazar da ruwa ya daka." Dariya ta ƙaru, ni ma na dara. Aka raba alewa ba ta samu ba. Ban yi haka don na ƙi ta ba. Gaskiya ko tunanin yadda za ta ji ban yi ba.

Lahadi biyu suka wuce ba ta zo ba, ni kuwa ban ma lura ba. Wata rana da dare muna ɓarar gyaɗa sai Mama ta ce, "Ina jikar tsohuwar nan makauniya? Na ga ba ta zuwa ajinki." Daga nan ta gaya mini cewa yarinyar marainiya ce, ita kaɗai ke kula da kakarta, kuma sai ta yi sawu uku a rafi kafin ta tafi coci. Sa'an nan Mama ta dube ni ta ce, "Kin koya musu labarin Basamariye. To, ke wace ce a cikin labarin?" Na rasa bakin magana. A daren nan barci ya ƙi zuwa, domin firist ɗin ma ya fi ni. Shi ya wuce ne kawai, ni kuwa na tsaya na ƙara ciwon.

Da gari ya waye na tafi gidansu. Da yarinyar ta hango ni sai ta ɓuya a bayan rumbu. Na gai da tsohuwar, na faɗa mata abin da na yi, na roƙi gafara. Ta lalubo hannuna ta riƙe ta ce, "Jikata, wanda ya san ya yi kuskure ai ya kama hanyar gyara. Tashi ki kira ta da kanki."

Ranar Asabar na tara 'yan ajina muka koma. Manyan cikinsu suka ɗebo ruwa har randuna biyu suka cika, wasu suka yo itace, ƙananan suka share tsakar gida. Tsohuwar ta sa aka ɗauko mata tsohon Littafi Mai Tsarki na mijinta, irin fassarar Hausa ta 1932, wanda ta daɗe ba ta samu mai karanta mata ba. Na karanta mata Zabura 23, tana bi a hankali domin ta haddace ta tun tana da ido. Abin mamaki, da yaran suka fara waƙa sai ga muryar yarinyar nan tana fita tas, babu i'ina ko kaɗan. A hanyar komawa gida suna ta tsalle da guje-guje, babu wanda ya tambaye ni alewa. Daɗin alewa yakan ƙare da zarar ta narke a baki, kuma sau da yawa faɗa take haddasawa a aji. Murnar ranar nan kuwa har yau in na tuna ina jin ta.

'Yan'uwana ɗalibai, mu ma a nan muna da irin wannan hanya. Kowace shekara sababbin 'yan aji ɗaya sukan zo, wata ta ɓatar da kwanonta ta kwana da yunwa, wata tana kukan gida a ɗakin kwana, mu manya mu gani mu wuce, ko mu mai da ita abin dariya. Iyayenmu kuma su sani yaro ya fi saurin kwaikwayon abin da ya ga babba ya yi a kan abin da aka gaya masa. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah ya ba mu idon ganin na kusa da mu, amin.