Tambaya biyu da ƴan'uwa suke mini

Mu Kirista ba mu da yawa a ƙasarmu. Daga Madawa zuwa Buza har Keita, kusan kowa Musulmi ne. Kawunnena da ƙannena ma haka. Rijiya ɗaya muke sha, tare muke zuwa suna da gaisuwar mutuwa. Amma tambaya biyu ba su ƙarewa tsakaninmu. Da can in an yi mini su, sai in yi shiru, don ban iya karatu ba. Yanzu ina buɗe Littafi in duba da kaina.

Ta farko, su ce: "Wai Allah uku gare ku?" A'a. Allah ɗaya ne. Annabi Musa ya rubuta haka a Kubawar Shari'a 6:4, Yesu kuma ya maimaita a Markus 12:29. In mun ce Ɗan Allah, ba mu nufin Allah ya yi aure. Allah ya fi ƙarfin haka! Bahaushe yana cewa ɗan kasuwa, alhali kasuwa ba ta haifi kowa ba. Nufinmu shi ne, Yesu Kalmar Allah ne tun fil azal, daga wurinsa ya fito. Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, Allah ɗaya ne.

Ta biyu, su ce: "Ai an canza Littafinku." Sai in ce: "Kawu, wa ya canza shi, kuma yaushe?" A ce an rubuta wasiƙa, anka juya ta da yawa, anka aika Madawa da Buza da Keita da Tawa. Mai son ya sake ta, sai ya bi gari gari ya karɓe su duka. In ɗaya ta ragu, asirinsa ya tonu. Haka Linjila ta bazu tun da wuri, a Masar da Siriya da Roma. Tsofaffin rubuce-rubucen hannu na Sabon Alkawari da Helenanci sun fi 5,000, suna nan ajiye.

Ga wata shaida. A 1947 makiyaya sunka tarar da tuluna cikin kogo kusa da Tekun Gishiri. A ciki akwai littafin Annabi Ishaya, a kan fata. An rubuta shi fiye da shekara 100 kafin haihuwar Yesu. Ya girmi waɗanda ake da su a lokacin da wajen shekara 1,000. Da anka gwada su, saƙon ɗaya ne. Akwai wuraren da hannun mai juyawa ya kuskure harafi ko kalma. Masana ba su ɓoye wannan ba, gwada rubuce-rubucen da juna ne yake nuna su.

Littafi Mai Tsarki dukansa ya fito da Hausa a 1932. Daga baya an gyara fassarar don Hausar ta fita sosai. Fassara anka gyara, asalin na Ibrananci da Helenanci yana nan.

Ɗan'uwa mai koyon karatu, kada ka amsa da fushi. 1 Bitrus 3:15 ta koya mana mu ba da amsa cikin ladabi. Wanda ya tambaye ka yau, shi ne zai taya ka shukar albasa gobe. Ka yi masa shimfiɗa, ka ba shi ruwa, sa'an nan ka buɗe wurin ku karanta tare.