Waigi da matokari: maganar tsayuwar amalanke a lokacin kaka



Kaka ta kama, hanya ta cika. Tun daga Janguza a kan titin Gwarzo har cikin Rimin Gado, da ƙauyukan Gulu da Jili da Karofin Yashi da Butu-Butu, ba abin da ake gani sai amalanke da tirelar tarakta da injin casa ana jan shi daga wannan gona zuwa waccan. Hankalin kowa yana kan tafiya: taya ta sha iska, shanu sun ƙoshi, an sami mai. Ni kuwa tsayuwar ce ta dame ni. A tsaye ake lodi, a tsaye ake sauke kaya, a tsaye mai gyara yake kutsa kai ƙarƙashi, kuma a tsaye yara suke samun amalanke su hau su yi ta lilo.

Amalanke taya biyu gare ta. Muddin shanu suna cikin karkiya, su ne suke riƙe da gabanta. Da zarar an kwance su, nauyin ya koma kan duk abin da aka tokare ta da shi. To me muke sawa? Wani guntun gwafa, wani rabin bulo da ya tsinta a gindin katanga, wani dutse biyu ya ɗora ɗaya kan ɗaya. Sai a fara jera buhunan dawa. Idan lodin ya yi gaba, gwafar ta nutse a ƙasa ko ta zame. Idan ya wuce bayan taya, gaban ya ɗaga sama kwatsam, ƙarfen gaban ya doki haɓar wanda yake tsaye kusa, buhuna su zube kan wanda yake baya. Shi ya sa matokari ɗaya ba ya isa. Ana buƙatar na gaba da na baya, sannan a danne tayoyin.

Ƙasarmu ta nan yawancinta jigawa ce, mai yashi, kuma gonar da aka gama girbi sako-sako take saboda huɗa. Abu mai siririn gindi shiga yake yi. Mu yi lissafi mai sauƙi. Sandar da bakinta bai wuce santimita 5 kowane gefe ba, wurin da take taɓa ƙasa murabba'in santimita 25 ne. Ka sa mata falankin katako mai santimita 30 kowane gefe a ƙarƙashi, wurin ya zama 900. Nauyin bai ragu da ko mudu ɗaya ba, amma ya bazu a filin da ya ninka na farko sau 36. Wannan falankin shi ne bambancin amalanken da ka bari da magariba ka tarar da ita yadda take da asuba, da wadda ka tarar ta durƙusa.

Maganar bulo kuma ina roƙonku da girman Allah ku ji ta. Bulon siminti an yi shi ne don ya zauna cikin gini, nauyi ya sauka a kan dukkan fuskarsa daidai. Cikinsa rami ne. Idan ka ɗora masa bakin ƙarfe ko kan jak, nauyin ya taru a wuri ɗaya, sai ya tarwatse lokaci guda, ba ƙara ba alama. Balle irin bulon da ake bugawa yanzu, wanda yashi ya fi siminti yawa nesa ba kusa ba, kana murza shi da yatsa yana zuba. Katako in zai gaza sai ya yi ƙara, ya lotsa, ya ba mutum damar janye jiki. Duk da haka za ka ga yaron bakanike kwance ƙarƙashin tirela an cire taya, bulo biyu ne tsakaninsa da nauyin. Jak ɗin ma aikinsa ɗagawa ne kawai. In an ɗaga, sai a cusa abin da zai riƙe kafin kowa ya shiga.

Abin da yake ba ni takaici shi ne ilimin nan namu ne tun fil azal. Ku dubi rumbu. Ba a taɓa kafa shi a kan ƙasa tsirara ba. Duwatsu ake nema masu faɗin gindi, a zaunar da kowanne, a haƙa wa wanda ya yi tsawo, a cike wa wanda ya gaza, sai an ga kawunansu sun daidaita sannan a shimfiɗa itace a fara gini. Magabatanmu sun san rumbun da ya karkata tun daga tushe ba zai kai shekaru ba, kuma sun san hatsin shekara guda ba abin da za a jingina wa dutsen tsintuwa ba ne. Da jaki da mangala suka yi ta kai taki gona, jaki kuwa da ƙafafunsa huɗu yake tsayawa. Da amalanke da tarakta suka zo, sai muka karɓi taya muka bar wancan natsuwar a gindin rumbu.

Direbobin manyan motoci na da sun fi mu kula. Babu motar katako da za ta tashi ba waigi a cikinta, kuma aikin yaron mota na farko ke nan: mota na tsayawa ya diro da waiginsa ya cusa. Yanzu da yawa sun daina ɗauka. Mota ta lalace a hanya, a kwaso manyan duwatsu a danne taya, a gyara, a tashi a bar su a tsakiyar kwalta. Dare ya yi, mai babur ya taho da matarsa da goyo, fitila ba ƙarfi. Wanda ya bar dutsen yana can ya kusa Dawanau, bai ma san abin da ya bari a baya ba, amma hakkin yana wuyansa.

A Amurka akwai masu yawon shaƙatawa da wata irin tirela mai ɗaki a ciki, da gado da wurin girki, suna jan ta da mota su je daji su kwana. Duk da ana sayar da abin daidaita taya na roba a kanti, da yawansu da hannunsu suke yanka falanki, dogo a ƙasa, gajere a kansa, su haɗa kamar matakala, su hau da tayar gefen da ya yi ƙasa har sai ɗakin ya daidaita. Dole ce ta sa su. Firijin da ke cikin irin wannan tirela sau da yawa da gas yake aiki, irin tsarin tsohon firijin kananzir, kuma in ya daɗe a karkace ruwan cikin bututunsa ba ya zagayawa, sai ya lalace. Tsarin da suke bi ya dace da namu: a fara daidaita hagu da dama, a sa waigi, sannan a kwance daga jikin mota, sannan a daidaita gaba da baya, a ƙarshe a tokare kusurwoyi don kada ta riƙa rawa. Waigi kafin kwancewa. A nan ne mu muke yawan yin kuskure, sai an cire shanu ko an zare fil ɗin tarakta sannan a shiga neman dutse, amalanke kuwa ta riga ta fara gangarawa.

Masu injin casa da injin ban ruwa, ku ma abin ya shafe ku. Inji a karkace, baƙin mai taruwa yake yi gefe ɗaya, wani sashe yana aiki a bushe. Girgiza kuma tana sa ƙafar da ba ta zauna ba ta yi ta cin ƙasa, bel ya saki, noti ya kwance. Ba sai ka sayi ma'aunin magina ba. Robar ruwa mai haske, a zuba mata ruwa rabi, a kwantar da ita a kan injin, ruwan zai nuna maka inda ya rinjaya.

Yin waigi da matokari ba wuya. Icen da ya fi shi ne mai tauri, irin ƙirya da marke da maɗaci. Ba ina cewa a je a sare mai rai ba, don sun yi ƙaranci a ƙasar nan. Tsohon turmi da bakinsa ya tsage, gindinsa ya isa matokari mai kyau in an daidaita shi da zarto. Darbejiya tana ko'ina kuma tana yi. Rimi da kuka kam a bar su, laushi gare su. Wanda yake shiga birni, guntayen katako a 'Yan Katako ta Na'ibawa ba su da tsada. Waigi a yanka shi da gangare, tsawonsa ya kai kamar kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin tayar, faɗinsa ya yi daidai da nata. A buga masa yankin tsohuwar taya a ƙasa don kada ya zame, a huda shi a zura igiya, yadda za a fizgo shi ba tare da an kai hannu bakin taya ba. A kan gangara a sa shi ta ƙasa, a fili kuwa gaba da baya. In ana son tsawo, kada a tsayar da katako a kan bakinsa. A kwantar da biyu, a gicciya biyu a kansu, a sake gicciyawa, kuma kada tsayin ya wuce ninki biyu na faɗin gindin. A shafe su da baƙin mai saboda gara, wanda ya fara tsagewa kuma a kai shi murhu.

Roƙona ga masu walda da kafintocinmu da suke ƙera amalanke: ku riƙa haɗa ta da ƙafa gaba da baya mai faffaɗan tafi, da waigi biyu, da ƙugiya a gefe inda za a rataye su, ku sa kuɗin a cikin ciniki tun farko. Iyayenmu shugabannin direbobi a tasha kuma, yadda ake duba taya kafin mota ta yi lodi, a riƙa tambayar yaron mota ina waiginsa.