Wa Ya Yi Wannan Goge?

Ya kai mai karatu, wataƙila akwai wani tsohon abin kiɗa rataye a ɗakin kakarka, ƙura ta rufe shi. Mai shi ta rasu. Ba wanda ya san wanda ya yi shi, ko shekarar da aka yi shi. Wata rana dillali zai zo ya ce tarkace ne, ya miƙa maka jika biyu. Kafin ka karɓa, ka saurare ni.

Nasara idan sun ƙera abin kiɗa, sukan manna ƴar takarda a cikinsa, da sunan mai ƙira da shekara. Suna da wani ɗan molo mai tsirkiya takwas, ana ce masa mandolin. Idan takardar ta ɓace, masana sai su juya shi su dubi bayansa. Mai baya kamar ƙwarya, ƙirar birnin Napoli ne na ƙasar Italiya. Mai shimfiɗaɗɗen baya kuwa, sau da yawa ƙirar Amurka ne, irin ta kamfanin Gibson da aka kafa a 1902. To, mu nan Agadas kayanmu ba su taɓa samun takarda ba. Amma dabarar ɗaya ce. Jikin abin ne zai gaya maka labarinsa.

Da fari ka san sunansa. Mutane da yawa duk abin da ake gogawa goge suke ce masa. Ba haka ba ne. Gogen Hausawa ƙwaryarsa madaidaiciya ce, an rufe ta da fatar guza, an kafe fatar da ƙusoshi. Maza ke kaɗa shi. Na Abzinawa kuwa sunansa anzad, wasu su ce imzad. Ƙwaryarsa ta fi faɗi, yawanci fatar akuya ce, an ɗaure ta da igiya ta baya, an yi mata zane. Mata ke yin sa, mata ke kaɗa shi, suna zaune, yana bisa gwiwa. Dukansu biyu tsirkiyarsu ta gashin wutsiyar doki ce. Idan ka ga jikin icce ne dogo, an fafe shi kamar ɗan jirgi, wannan molo ne. Gurumi kuma ƙoƙo ne, da yatsa ake kaɗa shi.

Maganar shekaru ita ce mai wuya. A nan ne ake cin mutane.

Kada baƙi ya ruɗe ka. A shekarun 1980, lokacin da nasara masu yawon buɗe ido suka cika garin nan, tsohon abu ya fi sabo kuɗi. Ba abu ne mai wuya ba a rataye sabuwar ƙwarya bisa murhu wata biyu ta yi baƙi ƙirin. Amma hayaƙi ko'ina yake kamawa daidai. Hannu kuwa wuri ɗaya yake ci. Ka dubi sandar, wurin da ake riƙewa. Idan ta yi santsi, ta ɗan lotsa, tana sheƙi, wannan aikin shekaru ne, ba na murhu ba. Ka dubi inda ɗan jaki yake zama, wato iccen da tsirkiya take hawa. Tsohuwar fata tana da tabo a wurin.

Kada kuma tsirkiya ta ruɗe ka. Idan ka ga zaren nailon irin na masunta a jikin molo, ka san ba tsohon zamani aka ɗaura shi ba, domin sai a 1938 nailon ya fara shiga kasuwa a Amurka, balle ya iso Abzin. Amma tsirkiya tana tsinkewa a sake ta. Fata ma tana fashewa a sake ta. Saboda haka ƙwarya tana iya girme wa fatarta da shekaru masu yawa. Idan an rataya masa kuɗin ƙarfe don ado, ka karanta shekarar da ke jikin kuɗin. Ba a rataya shi kafin wannan shekara ba. Ka ga amfanin sanin lamba ke nan.

Sunan mai yi kuwa, wajen tsofaffi ake samunsa. Na gani da idona. Wani maƙwabcina ya gaji anzad na gwaggonsa, dillali ya taya jika biyar. Muka kai wa wata tsohuwa daga gidan maƙera, wadda ta tsufa cikin aikin fata. Ba ta ko dubi zanen ba. Ta kife shi, ta bi ƙullin igiyar da yatsa. Ta ce, "Yaro, wannan ɗaurin na san shi. Mace ɗaya na sani mai ƙulli haka, a wajen Timiya, kuma ta rasu kafin babban farin 1973." Daga nan ta nuna mana wasu ƴan alamu a gefen fata. Mu mun ɗauka ado ne. Ashe rubutun Tifinag ne, baƙaƙen Abzinawa. Maƙwabcina ya mayar da abinsa gida.

Ni a ganina ya yi daidai. A 2013 hukumar UNESCO ta sa kiɗan anzad na Nijar da Mali da Aljeriya cikin kayan gadon duniya, a shekarar da ta sa tsohon garin Agadas. Matan da suka iya shi ba su da yawa, samari kuma gita suke so, irin ta Bombino. Ba laifi ba ne, ni ma ina jin ta. Amma gita tana da yawa a kasuwa.

To, yanzu da ka iya rubutu, ka yi abin da kakanninmu ba su samu yi ba. Ka kai abin wurin tsofaffi biyu ko uku, kowa daban, ka ji ko bakinsu zai zo ɗaya. Ka rubuta sunan mai yi, da garinta, da wadda ta kaɗa shi, da shekarar da ka yi tambaya. Kada ka manna takardar bisa fata, tana kashe murya. Ka naɗe ta, ka ɗaura ta a sanda da zare. Sannan ka rataye shi nesa da bango, inda gara ba ta kai.