Injin yankan itacen da na saya da kuɗin adashena

Daren da iska ta kayar da darbejiyar ƙofar gidan maƙwabtanmu, a farkon daminar bara waccan, ina wajen aiki. Da na dawo da safe sai na tarar layinmu a toshe, bishiya ta kwanta daga katanga zuwa katanga, maza shida da gatura suna ta fama tun asuba ba su ci rabi ba. Can wajen hantsi aka kirawo wani mai injin yankan itace daga kasuwar 'yan katako. Kafin azahar ya daddatsa ta, ya karɓi kuɗinsa, ya ɗaure inji a bayan babur. Autanmu yana tsaye yana kallonsa har ya sha kwana. Shekara uku ke nan da ya gama difloma, takardu na kwance a jaka.

Da daddare ya same ni ina ninke kayan yara. Ya ce, "Yaya, in kin kwashi adashenki ki ranta mini in sayi irin injin nan."

Ban ko ɗago kai ba na ce a'a. 'Yar uwa, ki fahimce ni. Na yi shekaru a ɗakin taimakon gaggawa, kuma na san aikin injin nan a jikin mutum. Wuƙa yanka take yi, bakin ciwo ya rabu biyu, a wanke a ɗinke. Sarƙar injin nan kuwa yaga take yi, ta kwashe nama faɗin ɗan yatsa, ta cusa garin itace da mai a ciki, domin tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya. Akwai wani magidanci da aka taɓa kawo mana da yanka a cinyar hagu, abokan aikinsa sun zuba masa man birki wai don jini ya tsaya. Mun fi awa muna wankin ciwon kafin likita ya iya ganin abin da zai ɗinka.

Inna ce ta karya ni. Ta ce, "Ke da kike da albashi ba ki san zafin zaman kashe wando ba. Shi ma ciwo ne, sai dai ba a kai shi asibiti." Na yi kwana uku ina juya maganar. Daga ƙarshe na yarda, bisa sharaɗi ɗaya: duk abin da zai koya game da injin, ni ma sai na koya, kuma a gidana zai riƙa kwana.

Wani abin da na ci karo da shi a lokacin da nake ta karance-karancen nan ya sa na ajiye waya na yi shiru. Ashe zarton sarƙa a hannun likitoci ya fara. Wajen shekarun 1780 wasu likitoci biyu 'yan Sukotland, John Aitken da James Jeffray, suka fito da wata 'yar sarƙa mai haƙora da ake ja da hannu, ana yanka ƙashin da ya lalace da ita, ana kuma buɗa gaɓar ƙugun mace idan haihuwa ta gagara. A zamanin babu maganin sa barci. Sai a 1929 Andreas Stihl na Jamus ya fitar da nasa mai amfani da fetur don masu aikin daji. Duk wadda aka yi wa tiyata ta farka ta ga jaririnta a gefe, sai ta ƙara godiya ga Allah.

Kuɗinmu bai kai na STIHL ko Husqvarna ba, sai muka sayi ɗan Caina. Sati biyu ana ta murna. A na uku inji ya fara hayaƙi kamar ana gashin tsire da ɗanyen itace, ya tashi ya mutu, daga baya ya ƙi tashi sam. Yaro ya ja igiya har tafin hannunsa ya yi bororo. Na ɗauki injin da shi muka nufi wajen wani dattijo mai gyaran janareto a bakin kasuwa.

Baba ya kwance filogi ya nuna mana, baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf. Ya tambayi yadda ake haɗa mai. Autanmu ya ce da ido yake zubawa, kamar yadda ake yi wa ƙaramin janareto. Baba ya dube ni ya ce, "Malama nas, ke da ido kike auna wa mara lafiya allura?"

Ga abin da na fahimta a ranar. Irin wannan inji ba shi da wurin zuba baƙin mai kamar mota. Man da ke shafe cikinsa a cikin fetur ake haɗa shi, man 2T, wanda suke cewa tu-ti. In ya yi yawa, hayaƙi ya turnuƙe, filogi ya yi dauɗa, salansa ta toshe. In ya yi kaɗan, ko aka manta aka zuba zallan fetur, fistin ya yi zafi ya kama, inji ya buga cikin 'yan mintoci, kuɗin adashe ya bi iska. Manyan kamfanonin nan biyu suna cewa kashi 50 na fetur ga kashi 1 na mai, wato mililita 20 a kowace lita. Littafin namu ya ce 25 ga 1, wato mililita 40. Ki duba littafin da ya zo da naku, shi ne alƙali. Ni dai na biya kyamis na sayi sirinji mai cin mililita 20, na cire allurar na jefar. Sirinji biyu a lita ɗaya, a girgiza jarka. Kuma ba ma haɗa na fiye da sati biyu, don haɗin da ya haura wata ɗaya yakan lalace ya toshe kafireta. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ma, wa ke da fetur ɗin ajiyewa?

Sauran gyaran sai na ga bai bambanta da aikina ba. In aka kawo mara lafiya, numfashi muke fara dubawa kafin komai. Inji ma abu uku yake nema: mai, wuta, iska. In ya ƙi tashi kuma ana jin warin fetur, ya sha mai ya ƙoshi ne, yawanci don an bar cok a rufe ana ta ja. Sai a kwance filogi a goge ya bushe, a kashe makunni, a buɗe cok, a ja igiya sau da yawa cikinsa ya sha iska, a mayar. In yana tashi amma ba ƙarfi, a duba matacin iska. Da hunturu ƙura kan toshe shi cikin yini ɗaya, shi ya sa kullum da yamma ake kakkaɓe shi da tsohon buroshin haƙori. Akwai kuma tanki na biyu, na man da ke shafa sarƙa. Duk lokacin da aka zuba fetur shi ma a cika shi. A nan ne muka saɓa da Baba, don shi cewa ya yi ƙonannen baƙin man mota ma ya isa. Ni ban yarda ba. Mai ne mai cike da ɓurɓushin ƙarfe, yana cinye famfon, yana fantsama a fatar mai aiki yini guda.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne zancen kaifi, don shi ne wanda za ki iya ganewa kina daga tsakar gida. Mu mata mun san wuƙar da ta dakushe ita ke yanke yatsa wajen yankan kubewa, saboda sai an danna. Haka sarƙa. Mai kaifi da kanta take shiga itace, tana zubar da ɓawo manya-manya kamar an kankare rogo. In ta dakushe sai ta riƙa fitar da gari mai laushi kamar garin tuwo, mai aiki ya yi ta dannawa da ƙarfinsa, ya gaji, hannu ya mutu, hankali ya rabu. Don haka in autanmu ya dawo, aljihun rigarsa nake zazzagewa. In na ga gari, ba ya cin tuwo sai ya zauna da magagari ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Taɓa ƙasa sau ɗaya ko cin karo da ƙusa ya isa ya kashe kaifin, kuma bishiyoyin cikin gari cike suke da ƙusoshin masu rataye alluna. Ɗaurin sarƙar ma ana duba shi inji na sanyi: kada ta yi lako-lako a ƙasan dogon ƙarfen da take zagayawa, kada kuma ta ƙi juyuwa in an ja ta da safar hannu.

Sai harbi. In saman hancin ƙarfen nan ya taɓa reshe ko wani abu alhali sarƙa na gudu, inji kan yi tsalle ya dawo wa mai shi a fuska ko kafaɗa, kamar harbin jaki, kafin ƙiftawar ido. Abin da ke tsakanin mutum da wannan shi ne birkin sarƙa, wannan robar da ke gaban hannun hagu. Na ga injinan da aka cire musu ita wai tana hana sauri. Dokokina ba su da yawa: hannu biyu kullum, babban yatsa ya zagaye mariƙi, ba yanka sama da kafaɗa, ba hawa tsani da inji, a tayar da shi a ƙasa an taka mariƙin baya da ƙafa, ba a sama ana wurga shi ba. Yara 'yan kallo a kore su nesa, ninki biyu na tsawon bishiya ko fiye. In bishiya ta faɗa kan wayar lantarki, ba aikinsa ba ne. Na saya masa takalmi mai ƙarfe a baki, da tabarau, da abin toshe kunne, don ƙarar injin ta haura desibel 100, kuma daga 85 kunne ke fara lalacewa in an daɗe. Abokansa suna kiransa ɗan sama jannati. Su yi ta kira.

Duk wannan tsaron da nake yi a waje, ashe haɗarin yana cikin gidana. Wata Asabar ina wanki, sai na ji shiru. Kin san irin shirun nan na yaro ɗan shekara uku. Na leƙa zaure na ga ɗana riƙe da robar lemo, ya buɗe murfi, ya kai baki. Ragowar haɗin mai ne kawunsa ya juye a ciki, mai ɗan launi kamar lemon kwalba. Ban san lokacin da na tsallake bokiti ba. Allah ya taƙaita, leɓensa kawai ya taɓa, ya tofar yana kuka. Duk da haka na tuɓe masa riga, na wanke masa baki da jiki, na kai shi asibiti muka zauna awa shida ana duba numfashinsa.

Ki ji wannan da kyau, don mun sha karɓar yaran da suka sha kananzir ko fetur daga robar lemo. Kada ki sa masa yatsa a maƙogwaro, kada ki ɗura masa manja ko madara don ya yi amai. Babban haɗarin yana ga huhu. In ya yi amai, man na iya sarƙe shi ya gangara huhu, kuma ɗan kaɗan ya isa ya jawo ciwo mai tsanani. Tari, haki, zazzaɓi ko yawan barci na iya bayyana bayan awanni, ko da yaro ya koma wasa. Ki ɗauke shi da robar ku tafi asibiti. Yanzu man namu yana cikin jarka mai rubutu, a akwatin ƙarfe mai kwaɗo, nesa da madafi.

A jakar aikinsa kuma na sa bandeji manya guda biyu da ƙyalle mai faɗi, na koya wa shi da yaron da ke taya shi abin yi. A danne ciwo da ƙarfi minti 10 ba ɗagawa, in ya jiƙe a ƙara wani a kai. Ba ƙasa, ba toka, ba man birki. In jini na tsartuwa daga hannu ko ƙafa ya ƙi tsayawa, a ɗaure sama da ciwon da ƙyallen, a murɗa da ɗan itace har ya tsaya, a duba agogo, kada a kwance sai a asibiti. Allurar tetanus kuwa tun kafin ya fara aiki na tabbatar an yi masa.

Rigimarmu mafi girma watan jiya aka yi ta. Ya samu aikin sare rassan mangwaro a wata makaranta, da takardar izini daga jami'an gandun daji, kuɗi masu kauri. Da safe ya tayar da inji a ƙofar gida, sai na ga sarƙa na juyawa alhali bai taɓa totur ba. Inji na silo, sarƙa ya kamata ta tsaya cak. Ya ce, "Yaya, ba komai, tun shekaranjiya yake haka." Na tuna magidancin nan mai yanka a cinya. Shi ma ba yana cikin yanka abin ya same shi ba, yana tafiya ne daga wannan reshe zuwa wancan da inji a hannu. Na ce ya kashe. Na ɗauki injin na kai ɗakina na kulle, na jefa makulli a jaka na tafi aiki.

Ya kira ni sau tara ban ɗauka ba. Inna ta kira ta ce na cika taurin kai, abincin yaro nake tsarewa. Aikin dai aka ba wani. Washegari muka je wajen Baba, ya rage silo, sarƙa ba ta daina juyawa ba. Da ya buɗe kuloci sai ga sifirin ɗaya a karye. Ya ɗora shi a tafin hannun autanmu bai ce komai ba. Kuɗin sabo bai kai na katin waya na sati ba.

Kwana huɗu bai yi mini magana ba, gaisuwa ma a daƙile. Ran na biyar na dawo daga aikin dare na tarar da shi a zaure, ya shimfiɗa buhu, ya kwance sarƙa yana wanke ta, ɗana na tsugune can nesa inda aka ja masa layi da gawayi. Bai ɗago ba ya ce, "Yaya, saura dubu arba'in a kuɗinki. Kuma sirinjin nan lambobinsa sun goge, ki taho mini da wani."