Makaɗan da Ba Su da Ubangida

Makaɗa iri biyu ne a ƙasar Sakkwato. Akwai makaɗan fada, watau waɗanda su ke da ubangida guda, sarki ko hakimi, wanda ya ɗauke musu ci da sha, ya kan ba su doki da riga, wani lokaci har da gona. Irinsu ne Salihu Jankiɗi mai taushi, makaɗin Sarkin Musulmi Abubakar na III, da Ibrahim Narambaɗa mai kotso na Sarkin Gobir na Isa, da Musa Ɗanƙwairo wanda ya rasu a 1991. Waɗannan kowa ya san su. An ɗauki muryoyinsu, malamai kuma sun yi rubutu a kansu. Na biyu su ne waɗanda ba su da ubangida sai taron da su ka tarar: masu kalangu, da masu gurmi, da masu duma, da masu gangar noma. Da damina manoma ne kamar kowa. In an kawar da amfanin gona sai su saɓi kayan kiɗansu su bi kasuwanni.

Acida tana cikin ƙasar Wurno, a kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Goronyo, kuma an san ta da kasuwar dabbobi. Ranar kasuwa Fulani su kan koro shanu da tumaki, dillalai da mahauta su taru daga Raba da Wurno da Goronyo, har da mutanen Nijar. To, inda mahauta su ka taru kalangu ba ya nisa, domin tun asali kalangu kiɗan fawa ne, dambe kuwa wasan mahauta ne kafin ya zama na kowa.

A shekarun da hanya ta ke lafiya, watsewar kasuwa ba ita ce ƙarshen yini ba. Baƙin da su ka yi nisa da gida su kan kwana. Bayan sallar lisha sai a share fili a bayan rumfuna, a rataye fitila a jikin itace, masu tsire da masu shayi su matso da teburansu. Makaɗi ya zauna a kan tabarma da yaransa uku ko huɗu, ɗaya yana riƙe da kuntuku, sauran 'yan amshi ne. Babu ƙofa, babu mai karɓar kuɗin shiga. Wanda ya ji daɗi ya tsaya, wanda bai ji ba ya wuce abinsa, kuma makaɗin yana kallon ƙeyarsa sa'ad da ya ke wucewa.

Nan ne wuyar sana'ar ta ke. Makaɗin fada mutum guda ya ke faranta wa rai, in ya dace sau ɗaya ya ci shekara. Shi kuwa wannan ko wane dare sabuwar shari'a a ke yi masa, alƙalansa kuma mutane ne da su ka wuni cikin rana da ƙura, sun san wahalar da su ka sha kafin kuɗin aljihunsu ya shigo. Sabo da haka ba ya fara kiɗa da ka. Tun da la'asar ya aiki yaronsa ya zaga kasuwa ya jiyo labari: wa ya sayar da bajimi da daraja, wa ya yi sabon aure, ɗan gidan wa ya zo daga Goronyo, wane ne kakansa. Waƙar da za a ji da dare da wannan labari a ke gina ta, a gaban masu ita. Idan ya ambaci mutum ya haɗa shi da iyayensa daidai, mutumin ya miƙe ya yi kyauta, sanƙira kuma ya ɗaga murya ya faɗa wa taro abin da aka bayar. Idan ya yi kuskuren nasaba, ya ba wani uban da ba nasa ba, an dinga yi masa dariya ke nan har kasuwa ta zagayo.

Mai sauraro a irin wannan wuri yana ganin abin da akwatin rediyo ba ya nunawa. Yana ganin yadda a ke matse tsarkiyar kalangu a hammata muryarsa ta hau, a sassauta ta sauka, har kalangun ya faɗi magana irin ta mutum, wadda ɗan ƙasa ya ke ganewa baƙo kuwa ya ji ƙara kawai. Yana ganin makaɗi ya harari ɗan amshin da ya makara. Wani lokaci fata ta kan saki sabo da raɓa, sai a tsaya a kara ta kusa da wutar mai tsire, mutane su yi ta hira har ta ɗame. Ba wanda ya ke jin haushin wannan tsaiko, sai dai mai tsiren da aka tare wa wuta.

A wani dare irin wannan wani dattijo mai noman albasa a fadamar Rima ya tsaya a bayan taro, ba da niyyar daɗewa ba. Can sai makaɗin ya juya hannu ya saki wani take. Dattijon ya daskare. Taken mahaifinsa ne, ɗan damben da ya rasu tun yana saurayi, kuma tun ranar bai sake jin an kaɗa shi ba. Ya ratsa mutane ya durƙusa gaban tabarma, ya ce, "Yaro, ina ka samo wanga take?" Makaɗin ya ce, "Baba, ga tsohona na ji shi. Shi ya ke kaɗa wa naka. Da na hango ka sai na ga tafiyarku ɗaya." Dattijon ya kwance lalitarsa ya ba shi kuɗin buhun albasa guda, bai ko jira sanƙira ya yi shela ba, ya koma bayan taro yana share fuska da hannun riga. Ba a rubuta wannan take a ko wace takarda ba. A kan makaɗin ya ke zaune, kamar yadda ya zauna a kan ubansa.

Kada a ɗauka waɗannan mutane ƙanana ne don filinsu ƙarami ne. Ɗan Anace, wanda waƙarsa ta ɗan dambe Shago ta gama ƙasar Hausa, da kalangu ya yi suna a fagen dambe, ba a zauren sarki ba. Amma a bayan ko wane guda da sunansa ya fita akwai masu yawa da ba a san su ba bayan kasuwa uku ko huɗu.

Abubuwa da dama sun taru sun rage wannan zama. Gidan rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, daga baya kaset ya zo, sa'an nan wayar hannu, har ya zama mutum yana jin Narambaɗa a gonarsa ba tare da ya ba kowa kwabo ba. Masu biki sun ga hayar lasifika ta fi ciyar da makaɗi da yaransa sauƙi. Malamai kuma suna wa'azi a kan taron dare da cakuɗar maza da mata, gardamar da a ke yi a ƙasar nan tun zamanin jihadi, makaɗa kuwa sun saba zama da ita. Duk waɗannan sun rage taron ne, ba su kashe shi ba.

Abin da ya fi yi masa lahani shi ne tsoro. Tun da 'yan bindiga su ka addabi gabashin Sakkwato, dare ya zama abin gudu. Ran 17 ga Oktoba 2021 aka kai hari a kasuwar Goronyo aka kashe mutum fiye da 40. Mai fatauci da ya ji wannan labari ba zai kwana a filin kasuwa don jin kalangu ba. Yana sayar da dabbarsa sai ya nemi mota tun rana ba ta yi sanyi ba. Makaɗan da su ke da ƙarfi sun koma bin gidajen dambe na birane, inda a ke biyan kuɗi a ƙofa a yi wasa da la'asar. A can makaɗi bai san kakan kowa ba, sai dai ya yabi wanda ya ga alamar kuɗi a jikinsa.

Makaɗin nan da ya gane ɗa da tafiyar ubansa ya tsufa. Kalangunsa yana rataye a ƙusa cikin ɗaki, ya kan sauke shi ranar suna ko ɗaurin aure in maƙwabta sun roƙa. Babban ɗansa kabu-kabu ya ke yi a Sakkwato, ya ce babur ba ya jiran kaka. Ƙaramin ne ya ke da hannu, kuma uban ya kan zaunar da shi a tsakar gida bayan magariba ya kaɗa masa taken mutanen da su ka shuɗe, yana faɗa masa mai shi da garinsu da zuriyarsa. Su kan sassauta hannu don kada ƙarar ta fita bayan gari. Yaron ya riƙe bakwai, sauran suna nan ga tsohon.