Ranar da Muka Hau Dutsen Kufena

A hutun da ya wuce, mu huɗu 'yan aji biyu muka shirya zuwa Dutsen Kufena da ke kusa da Wusasa a Zariya. Kullum daga nesa muke hango shi. Da sassafe muka ɗauki kekuna uku, muka goya ƙaraminmu saboda ba shi da keke.

Da muka kusa, hanya ta koma yashi da tsakuwa, dole muka sauka muna turawa. Wani dattijo mai gona a gindin dutsen ya yarda mu jingine kekunan a wurinsa. Ya ce, "Yarana, kada ku rabu da juna a sama."

Ba mu ji maganarsa ba. Muka bi wata siririyar hanya tsakanin duwatsu muna rige-rige. Da muka kai sama, ga iska mai sanyi, ga garin Zariya da gonaki shimfiɗe a ƙasa. Sai muka duba, mu uku ne kawai. Gabanmu ya faɗi. Me za mu gaya wa mahaifiyarsa?

Muka sauko muna ƙwala masa kira. Can muka same shi a wani lungu yana kuka, silifas ɗinsa ya tsinke, dutse ya yi zafi. Muka riƙa ba shi takalmanmu bi da bi har ƙasa.

Mun yi masa alkawarin komawa bayan damina. Wannan karon shi zai shige gaba.