HONARABUL ƊIN GIDANMU

Yau ku yi mini haƙuri, labarin da na zo da shi ba ƙagagge ba ne, na cikin gidana ne. Kada kuma ku jira in faɗi sunan mai labarin, 'yar fari ce, kun san halinmu.

Ni dai karatuna a sakandare ya tsaya, ina gama aji shida aka ɗaura mini aure. Abin da na sani game da jami'a duk a bakin mutane na tsince shi, amma hakan bai hana ni kai matan littattafaina jami'a ba, in sa su miƙe gaban manya su faɗi gaskiya komai ɗacinta. Ashe a takarda ne abin ke da sauƙi.

A ƙarshen 2022, bayan malaman jami'a sun janye yajin aikin nan na wata takwas, yarinyar ta koma makaranta tana aji biyu. Ba a jima ba ta zo gida ran wata Asabar, ina tankaɗe a tsakar gida, ta durƙusa gefena tana wasa da bakin mayafi.

"Umma, 'yan ɓangarenmu na ɗakin kwana sun ce in tsaya musu wakiliya a majalisar ɗalibai."

Na ajiye rariya na ce, "Nawa ake biya?" Ta ce ko sisi. Na ce, "Maki ake ƙara wa mutum?" Ta girgiza kai. Na ce, "To karatu aka tura ki ko siyasa?"

Ba haka kawai na ƙi ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da zarar an ambaci ƙungiyar ɗalibai sai ya ɗauko zancen 1978, lokacin da gwamnatin soja ta ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibi na kullum, ɗalibai suka fito suna neman a sauke kwamishinan ilimi na tarayya Kanar Ahmadu Ali, aka harbe wasu a Legas da Zariya, aka kuma haramta ƙungiyarsu ta ƙasa. Sai ya ɗora da na watan Mayun 1986, da aka sake zubar da jinin ɗalibai a Samaru. Saboda haka ni a kunnena ƙungiyar ɗalibai ba ta da wata fassara sai barkonon tsohuwa da takardar kora. Ga ta kuma mace, me mutane za su ce?

Da daddare Abbansu ya gama sauraron ƙorafina, ya yi murmushi ya ce, "Ashe matan cikin littafinki ne kaɗai kika yarda su yi baki?" Wallahi ban samu amsa ba. Da safe na ce mata ta je Allah ya tsare, amma duk ranar da karatu ya taɓu to siyasa ta ƙare.

Ta tsaya, ta ci. A bakinta na fahimci yadda abin yake. Ashe ƙungiyar kamar ƙaramar gwamnati ce, akwai masu zartarwa, wato shugaba da sakatare da ma'aji da sauransu, akwai kuma majalisa mai kakakinta, inda wakilan sassa da na ɗakunan kwana ke zama su duba yadda za a kashe kuɗin ƙungiya da kowane ɗalibi ke biya. Honarabul ake ce musu. Ai kuwa ƙannenta suka samu abin tsokana, kullum ta zo gida sai ka ji, "Honarabul, Umma ta ce ki zo ki wanke tukunya."

Ni na zaci jawabi za ta riƙa yi a gaban taro. Ina! Famfo ya ƙafe, ita. An sace waya a ɗaki, ita. Ciwon ciki ya murɗe wata ƙarfe biyun dare, ita za a buga wa ƙofa ta raka ta asibitin makaranta. Ta rubuta takarda, ta je ta zauna kan benci a ƙofar ofishin kula da harkokin ɗalibai tun safe har azahar, a ce ta dawo gobe.

Sai 2023 ta zo da nata. Aka cire tallafin mai a watan Mayu, komai ya tashi, jami'o'in tarayya da dama suka ninka kuɗin rijista, tasu ma ba ta tsira ba. Masu zafin kai suka ce a fito titi. Ranar da majalisarsu ta zauna ban runtsa ba, maganar mahaifina ce kawai ke yawo a kaina. Washegari ta kira ni ta ce sun tsayar da shawara a fara tattara sunayen waɗanda ba za su iya biya ba, don a je wa hukuma da hujja a hannu.

Nan ne aikin yake, domin babu budurwar da za ta miƙe cikin taro ta ce gidansu babu. Sai ta sayi littafin rubutu mai sittin, ta riƙa bi ɗaki-ɗaki bayan isha, ta ja mutum gefe su yi magana ƙasa-ƙasa. A haka ta iske wata marainiya 'yar aji uku ta riga ta ɗaure kayanta, ta gaya wa 'yan ɗakinsu wai hutu za ta je, alhali tafiyar ke nan ba dawowa.

Da littattafan wakilai irin wannan suka samu aka ƙara wa'adi, aka kuma yarda a biya kashi biyu. Ragowar suka bi tsofaffin ɗalibai da 'yan kasuwa suna roƙo. Ni ma ban tsira ba, ta zo ta tsugunna ta ce, "Umma, cinikin littafinki na bana fa?" Na harare ta, na shiga ɗaki na ƙirgo abin da ya sawwaƙa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ba kowa aka ceto ba. Wasu sunayen ta ja musu layi da jan biro, sun tafi. Rancen karatu na gwamnatin tarayya sai a 2024 ya fara aiki, su kam bai riske su ba. Sannan waɗanda ta wahala dominsu, a cikinsu aka samu masu yaɗawa a WhatsApp wai an saye wakilai shi ya sa ba a yi zanga-zanga ba, wai har da ita aka raba kuɗi. Ta kira ni tana kuka kamar ranta zai fita. Maganar "ban gaya miki ba?" ta zo har bakina, na haɗiye ta. Da sakamako ya fito kuma ta faɗi darasi ɗaya, abin da suke kira kari-oba. Na tuna sharaɗina, na duba ramar da ta yi, na yi kamar na manta.

Bayan watanni, wata rana da hantsi aka yi sallama. Wata dattijuwa ce daga ƙauye, da ƙullin kuka da daddawa a hannu, ta sha tambaya kafin ta gano gidan. Kakar marainiyar nan ce. Ta zauna bakin tabarma tana ta sa wa yarinyar albarka har muryarta na rawa. Ni kuwa kunyar 'yar fari ta hana ni cewa komai sai, "Haba Iya, ai ba ta yi komai ba." Tana fita na shige ɗaki na turo ƙofa, na yi kukana na more.

Iyaye 'yan'uwana, ban ce ku tura 'ya'yanku ido rufe ba, akwai masu shiga don neman suna da kuɗin 'yan siyasa. Amma in ɗanku ya zo muku da irin wannan magana, kada ku fara da tambayar da na fara. Ku tambaye shi su wa zai wakilta, kuma zai iya jure zaginsu?

Littafin nan mai sittin yana cikin akwatina, na haɗa shi da rubutun hannu na littafina na farko. Ita ba ta ma san na ɗauke ba.